Sunan da Na Tsinta a Jikin Buhun Masara

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Mando, ni da abokin aikina, kowa da 'yar jakarsa. A cikin tawa akwai wata takarda guda da lauyarmu ta rubuta, tana da gurbin sa hannu biyu a ƙasa, ɗaya nawa, ɗaya na wani mutum da ban san ko wane ne ba. Neman wannan mutumin ne ya kai mu Birnin Gwari.

Masu bibiyata a nan sun san shekara guda ke nan muna haɗa manhajar waya da za ta sada manoma da masu sayen hatsi kai tsaye. Sunanta ne kawai na ƙi faɗa muku, na yi ta ja muku rai wai sai ranar buɗewa. To yau ma ba zan faɗa ba. A wannan labarin zan kira shi Tsamiya Biyu, kuma ba shi ne ainihin sunan ba, in kun karanta za ku ga dalili.

Ga yadda na same shi. Bara na shiga kasuwar hatsi a Kaduna, sai idona ya faɗa kan wani tsohon buhu mai zanen bishiyoyi biyu da shuɗin fenti, sun jingina da juna. Na tambayi mai kayan, ya ce ai kayan Tsamiya Biyu ne, can wajen Birnin Gwari. Nan take sunan ya kwanta mini, gajere ne, ga daɗin faɗa, ba Turanci a ciki. Na ɗauki hoto na tura wa abokin nawa, shi ne mai zanenmu. Ya sake zana shi a kwamfuta, ya share duk wani tabo da ke jikin hoton, ya fito tas. Da damina ta yi tsakiya muka buga sababbin buhuna ɗari biyu da wannan tambarin, muka raba wa 'yan hatsi kyauta a kasuwanni uku don talla. Sai bayan mun gama duk wannan rawar kan muka tuna da lauya.

Ta sa aka duba a ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ke Abuja, ba wanda ya yi rajistar sunan. Har na miƙe zan yi mata godiya ta ce in zauna, a ina na samo shi? Da na faɗa mata sai ta cire tabarau. Ta ce wanda ya daɗe yana kasuwanci da alama, ko bai taɓa jin kalmar rajista ba, yana iya maka mu a kotu cewa muna sa mutane su ɗauka kayanmu nasa ne, kuma ƙorafi ɗaya ya isa a cire manhajar daga inda ake sauke ta. Saura kwana goma sha biyu buɗewa. Ko in samo mai alamar ya sa hannu cewa ya yarda, ko in nemi wani suna, a sake komai daga farko. Ni kuwa na riga na saka sunan a raina, ban ga abin da zai raba ni da shi ba.

A tasha mun biya naira dubu bakwai-bakwai, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, gwiwata tana cikin haƙarƙarin wani mai sayar da maganin feshi har muka isa. Motarmu ta cika tun ƙarfe shida da rabi amma direba ya ƙi tashi, ya ce sai motoci sun taru a tafi tare. Muka sha koko da ƙosai a tsaye. Kowa a tashar yana cewa hanya ta yi sauƙi yanzu, alhamdu lillahi, ba kamar da ba. Baki ne ke faɗa, jikinsu bai yarda ba tukuna.

Har Buruku ana hira ana musun siyasa. Muna wuce garin direba ya miƙa hannu ya kashe rediyo, ba wanda ya ce masa don me. Sai na ga kowa ya sunkuya a kan wayarsa yana goge saƙonnin banki. Ni ma na buɗe tawa, na ga abin da ke ciki ba zai jawo mini komai ba sai tausayi, na mayar aljihu. Wata baiwar Allah a gaba ta cire 'yan kunnenta ta ƙulle a bakin zane. Ciyawa ta fi motar tsayi hagu da dama, ramukan hanya kuwa sun cika da ruwa, direba yana ratsa su ba ya rage wuta. Lokaci-lokaci ciyawar takan buɗe a ga ƙauye, bango a tsaye, ba rufi, ba hayaƙi, kabewa ta hau kan katanga ta yi 'ya'ya ba mai tsinka. Na ƙirga irinsu har biyar, daga nan na daina kallon taga.

A Udawa aka tsaya. Mata suka yanyame motar da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, masara uku a kuɗin da nake sayen ɗaya a Kaduna. Sojojin da ke shingen suka leƙo suka yi mana fatan sauka lafiya. Nan ne na ji mutane sun fara numfashi da ƙarfi, mai maganin feshi har ya tuna cewa gwiwata na damunsa.

Wajen goma da rabi muka shiga Birnin Gwari, ranar kasuwa ce. Garin ya ba ni mamaki, domin na zo da tunanin zan ga wuri a mace, sai na tarar da manyan motoci ana ta loda sabuwar masara, 'yan dako suna gudu da buhu a wuya, masu shayi na kwarara. Muka ci waina da miyar taushe a wata rumfa, mai wainar ta ƙara mana biyu gyara da ta ji daga Kaduna muke. Daga nan muka shiga layin dillalan hatsi ina nuna tambarinmu a waya ina tambayar mai shi.

Na farko ya kalla ya ce bai sani ba, ya juya ya ci gaba da awo. Na biyu ya kalli wayar ya kalle ni, ya tashi ya bar rumfarsa gaba ɗaya. Raina ya fara ɓaci, na ce wa abokina mutanen nan ƙyashi ne ke damunsu. Sai wani dattijon dillali mai farin gemu ya yafito mu. Ya riƙe wayar nesa da idonsa ya daɗe yana kallo.

"Samari, a ina kuka samo wannan?"

"Mu muka zana, Baba. Mai alamar muke nema."

"Tsamiya Biyu gari ne, kuma ya tashi shekara huɗu ke nan."

"To amma kayansu fa?"

"Kaya na zuwa," ya ce, ya miƙo mini wayar. "In ku kuka zana, gara ku je da ƙafarku. Ku dai tabbata la'asar ba ta same ku a can ba."

Shi ya haɗa mu da 'yan acaba biyu da ya yarda da su. Ba zan faɗi hanyar da muka bi ba, ɓangaren Randagi ne dai. Mun bar kwalta, mun bar hanyar mota, mun koma 'yar siririyar turba tsakanin gonakin dawa, sau biyu muna sauka mu tsallake rafi da ƙafa. Sabis ɗin waya ya ɗauke tun muna ganin rufin garin a bayanmu. Bayan tafiyar fiye da awa guda daji ya rufe mu, manyan bishiyoyi, inuwa mai sanyi da tsakar rana. Can sai 'yan acaban suka kashe injin lokaci guda, suka ce mu sauka. Tura baburan suka riƙa yi da hannu. Na buɗe baki zan yi tambaya, wanda ya ɗauko ni ya ɗora yatsa a leɓensa.

Ban taɓa jin shiru irin na garin nan ba. Ba zakara, ba akuya, ba kukan jariri, ba ƙarar turmi. Gidaje sun haura goma sha biyar, ƙofofinsu a buɗe, ciyawa ta fito a tsakar ɗakuna. A wani zaure na ga takalmi ƙafa ɗaya da buta a kife. Masallacin yana nan da rufinsa, tabarmi a naɗe a jingine da bango, gara ta cinye rabinsu. Na riƙa jin kamar ana kallona ta kowace taga. Abin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shi ne rijiyar tsakiyar gari. Igiyar gugan sabuwa ce fil, kuma bakin rijiyar a jiƙe yake.

Tsamiyoyin suna bayan masallaci, guda biyu, sun jingina da juna kamar yadda na gani a buhu. Ƙarƙashinsu a share tsaf. Ga buhunan masara a jere an ɗinke bakinsu, ga wani fallen kwanon rufi da aka yanke siffar bishiyoyin a jikinsa, ga gwangwanin shuɗin fenti a buɗe. Na taɓa zanen da ke kan buhu ɗaya, fentin ya kama yatsana. Ba kowa a wurin. Abokina ya damƙe hannun rigata.

Daga cikin karan masara suka fara fitowa, ɗaya-ɗaya, ba motsin ƙafa. Tsofaffi ne da mata da 'yan magidanta kaɗan, za su kai ashirin. Sun ga 'yan acaban sun gane su, shi ya sa suka fito. Aka yi gaisuwa cikin raɗa, irin gaisuwar gidan rasuwa. Daga baya na fahimci tsarinsu. Suna kwana a wasu ƙauyuka kusa da hanya, su shigo da hantsi su yi aikin gonakinsu, su fice kafin la'asar. Ba sa hura wuta don hayaƙi. Ba sa bugun masara da sanda don sauti yana tafiya a daji, da hannu suke ɓare ta, tafukansu duk sun yi kanta. Abincinsu rogo ne dafaffe tun daga gida da ƙuli-ƙuli, sun kuwa ba mu mun ci.

Muna zaune sai wayar abokina ta ɓarke da kiran sallar azahar, manhajar da ke tuna masa lokaci. Wallahi sai da na ji sautin ya bugi kowane bango a garin ya dawo. Kowa ya daskare. Ya yi ta lalube har ya kashe ta, amma an daɗe ba wanda ya motsa, ana sauraron daji. Wata tsohuwa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ɗan acaba ya raɗa mini cewa rabon da a ji kiran salla da ƙarfi a nan tun ranar da aka watse. Mun yi sallar a ƙarƙashin tsamiya, liman yana kabbara a hankali, sai na kusa da shi ke ji.

Bayan nan aka nuna mini mai sa alamar, wani tsoho siriri, babban yatsansa na dama ya rine shuɗi har farce. Na gyara zama na zuba masa bayanin da na haddace a mota, manhaja, manoma, riba, takardar yarda. Ya saurara har na gama. Sannan ya jawo buhu ɗaya ya nuna mini ƙasan bishiyoyin. Akwai ɗige-ɗige a jere, wasu wuraren kuma an tsallake.

"Ka ga waɗannan? Gida goma sha bakwai ne mu a garin nan. Kowane gida da gurbinsa, daga dama zuwa hagu, yadda muke zama a masallaci da wurin taro. Da aka watse, 'ya'yanmu sun bazu, Kaduna, Zariya, Funtuwa, Suleja. Waya ba ta shiga inda muke kwana, wasu ma an ƙwace tasu. Amma buhu ba inda ba ya zuwa. Duk gidan da na ga mutuminsa da idona a wannan kakar, sai in dangwala masa. Namu na can sukan shiga kasuwa ba don sayayya ba, su duba buhu su koma."

Na ƙirga, goma sha ɗaya ne. Gurbi shida ba komai.

Ya miƙa hannu ƙarƙashin tarin buhuna ya zaro wani a ninke, fari sol, ya shimfiɗa a gabana. Namu ne. Bishiyoyi biyu kyawawa, ƙasansu wayam.

"Wannan naku ne?"

Na ce namu ne.

"Da tsakiyar damina ya bayyana a kasuwannin Kaduna, lokacin da namu ba ya fita. 'Ya'yanmu suka ga alamar gida ba ɗigo ko ɗaya. Suka ce an gama da mu. Wasu sun yi zaman makoki a can. Mutum bakwai ba su iya zama ba, suka taso su ga kaburbura." Ya gyara ninkin buhun. "Shida sun iso."

Ta bakwai 'yar wata mata ce da ke zaune a gefe tana ɓare masara, Bagwariya, gidansu na cikin goma sha bakwai ɗin tun kakanni. 'Yar tana sayar da abinci a Kaduna. An ga fitarta daga Birnin Gwari a kan babur ta nufo nan, daga ranar ba a sake ganinta ba, ba a ga mai babur ɗin ba. Matar ba ta daina aikinta ba. Ta ɗago kawai ta dube mu, ta yi magana da Hausarta mai nauyi, cikin raɗa kamar kowa.

"Yarona, me ya sa kuka goge mu?"

Abokina ne ya amsa, da ma bai amsa ba. "Mama, na ɗauka datti ne a jikin hoton."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki wata masarar. Da zagi ta yi mana ko ta jefe mu da wani abu, da na fi samun sauƙi. Don kunya da baƙin ciki na rasa inda zan sa idona.

Tsohon ya ce in kawo takardar ya dangwala mini, tunda na yi doguwar tafiya, shi bai ga abin da zai rage su da shi ba in an kira wata na'ura da sunan garinsu, buhunana dai in taimaka in tattara. Har ya ɗago yatsan. Ban fito da ita ba. Kafin mu tashi na lura ɗigo na tara ya fi sauran girma a kowane buhu, na tambaya. Ya ce gurbin gidan matar ne, yana danna shi da ƙarfi ne ko Allah zai sa 'yar tana wani wuri ta gani, ta san uwarta na nan.

Ƙarfe uku saura suka fara ɗora buhuna a kan kekuna da babura, duk turawa ake yi. Cikin ɗan lokaci garin ya koma yadda muka same shi. Mun kwana a Birnin Gwari, da safe muka bi ayarin motoci zuwa Kaduna. Masu masara a Udawa ba su samu cinikinmu ba.

Na mayar wa lauya takardarta ba sa hannu. Ta ji labarin, ta ce a gaskiya da wuya mutanen nan su taɓa kai mu kotu, ta fuskar doka sunan kusan a hannunmu yake. Na ce na sani, a bar maganar yi masa rajista. Mun ɗage buɗewa, manhajar tana nan a wayata ba suna. Kwana tara muka yi muna zagaya kasuwanni muna karɓo buhunanmu, mun samu ɗari da arba'in da ɗaya, mun ƙone su. Hamsin da tara sun riga sun tafi da hatsi, ba wanda ya san garin da suke.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, musamman ku 'yan'uwana masu haɗa manhaja, shi ne binciken Abuja yana gaya maka wanda ya rubuta suna a takarda ne kawai. Ba ya gaya maka wanda ke amfani da shi, ko aikin da yake yi masa. Lauya ta tsorata ni da kotu, ashe kotun ce ƙaramar magana. In ka tsinci suna ko zane a jikin kayan wani, ka je ka tambaye shi kafin ka buga ko da kati ɗaya, kuma abin da ba ka gane ba a jiki kada ka share. Ina kuma roƙonku, duk wanda ya ga farin buhu mai koren layi a baki, da zanen bishiyoyi biyu ba komai a ƙasansu, ya saye shi ya yaga, ya gaya wa na kusa cewa ba daga garin ya fito ba.

Har yau ba labarin 'yar matar nan. Jiya na sake shiga kasuwar hatsi, na tarar sababbin kayan Tsamiya Biyu sun iso. Na durƙusa na bi jerin da yatsa daga dama zuwa hagu, goma sha ɗaya, na taran ya fi girma. Na sake ƙirgawa don in tabbata. Mai kayan ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, kai ma ɗan garin ne? Haka suke yi in sun zo." Na ce masa a'a, ni ba ɗan garin ba ne.